Neman kalma kafin shirin Asabar: "fan art" da "commande"

Zulai, Garwa: Salamu alaikum. Ranar Asabar muna da shirin rediyo da matasa masu zanen manga, wato labaran zane irin na Japan, gobe da yamma kuma zan miƙa rubutun. Kalma biyu sun tsaya mini a wuya: "fan art", wato zanen da mai son wani labari ke yi na gwarzon labarin, da abin da yaran ke kira "commande", wato zanen da wani ya sa a yi masa ya biya. A taimaka.

Malam Buba, Marwa: Wa alaikumus salam. Ta biyun, zanen oda. Tela ma oda yake karɓa. Rabin kuɗin da ake bayarwa tun ba a fara ba kuwa, sunansa na nan tun kaka da kakanni: kafin alƙalami.

Idi mai zane, Kuseri: Kafin alƙalami ya zauna daram, don aikin hawa-hawa ne. A karɓi rabi, a zana da fensir, a tura wa mai oda, a ba shi damar gyara sau biyu. Da zarar an bi layi da tawada, gyara ya ƙare. Tawadar ta zama wadda ruwa ba ya narkarwa, in ba haka ba buroshi na taɓa fuska baƙi zai malale cikin ido. Takardar fentin ruwa mai kauri, wadda ake kira giram 300, a manne gefe huɗu da tef a jikin katako don kada ta kumbura. Da hunturu fenti kan bushe kafin a kai ƙarshen kunci, ya bar zobe, shi ya sa ake fara jiƙa wurin da ruwa zalla. Cikon kuɗi sai ranar karɓa.

Baba Tanimu, Njamena: Oda Turancin Ingila ce, commande ta Faransa. An gudu ba a tsira ba. Muna da sautu. Ta farkon kuma na daɗe ina cewa zanen bege, don ƙauna ce ke sa yaro ya zana gwarzon wani.

Idi: Baba, a gafarce ni. Sautu a sayo maka abin da ke kasuwa ne. Wannan babu shi a duniya sai an zana.

Malam Buba: Bege kuma kunnen mai sauraro wajen yabon Manzon Allah (SAW) zai tafi. Kada a kai shi nan.

Zulai: Zanen masoya fa?

Idi: Za a ɗauka saurayi da budurwa ne, Yaya. Zanen kwaikwayo ma bai yi ba. Ba kwafa ake yi ba: gwarzon na marubucinsa ne, amma tsayuwa, kaya da wuri na mai zane ne. Kana iya sa masa babbar riga ka tsayar da shi a bakin Binuwai. Saboda gwarzon yana da mai shi ne buga irin wannan da yawa don sayarwa ke taɓa haƙƙin mallaka.

Baba Tanimu: Da daga Kano bege ta fito, da tuni kun karɓa. Kullum mu nan sai mun jira a yanka mana. Ita manga ɗin ma, a Garwa wa zai ji ta bai tuna "babba" na Fillanci ba?

Malam Buba: Ba zancen Kano ba ne, Baba. Manga suna ne na Japan, tun littattafan zanen Hokusai, wani mai zane ɗan Japan, da aka fara bugawa a 1814 ake jin sa. A bar shi, a ƙara da cewa daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar ajami. Ga tawa: zanen ma'abota. Ma'abocin abu shi ne wanda ya lazimce shi.

Idi: Ta yi nauyi a bakin ɗan shekara 15, amma ba ta karkace ba.

Baba Tanimu:  To, ta fi oda dai. Odar nan ban yarda da ita ba.

Zulai: Na gode, iyayena. Na rubuta zanen ma'abota da kafin alƙalami. Zanen oda zan faɗa sau ɗaya in bi shi da "wanda aka sa a zana". Idi, ɗigo-ɗigon nan da ake mannawa don inuwa, me za mu kira shi?