Neman kalma: gidan zane ko gidan tarihi?

Mai fassara, Gusau: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe 4 na yamma shirin rediyo zai fita, kan ziyarar Louvre, babban gidan da ke Paris inda ake zuwa kallon ayyukan masu zane. Kalma biyu nake nema: sunan gidan, da sunan abin da ke rataye a bangonsa, wanda aka yi da buroshi da launi, ba da fensir ko kyamara ba.

Malamin zane, Argungu: Wa alaikumus salam, Malama. In kin ce "gidan tarihi" kawai, mai sauraro zai tuno gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, da masu da tambura da kayan kamun kifi. Ki ce "gidan adana zane-zane". Kada ki gajarce shi zuwa "gidan zane", don a rubuce sai a ɗauka shagon zannuwa ne. A baki wasalin ya bambanta, a takarda kuwa babu alama. Na biyun, "zanen fenti".

Dattijo, Gwandu: Mi ya kai mu aron "fenti"? Muna da "zayyana". Ita ta dace, kuma tana da martaba.

Malamin zane, Argungu: Allah gafarta Malam, zayyana ta allon sauka ce, layuka da kusurwoyi, babu fuskar mutum. Wancan aiki daban ne. Ana niƙa garin launi a kwaɓa da man linsid, wani man tsiro mai bushewa, a ɗaure ƙyalle mai kauri kan firam ɗin katako, a shafa farar shimfiɗa, sannan a riƙa ɗora launi hawa-hawa. Na ƙasa man kaɗan, na sama man da yawa. In aka juya, na sama ya riga bushewa, sai fuskar ta tsattsage. Banis kuwa, wato shafen ƙarshe mai kare zanen, sai bayan kamar wata 6.

Ma'aikaciyar adana kaya, Birnin Kebbi: Malama, kada kalmar ƙyalle ta shiga sunan. Mona Lisa, shahararren zanen wata mata da Leonardo da Vinci ya yi, da ke Louvre, a kan katako take, santimita 77 da 53, bayan gilashi. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, fentin ya kasa bin sa. Shi ya sa ake riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100, zafi wajen digiri 20. Iskar hunturu irin tamu tana iya fasa shi. Ki faɗa wa masu sauraro ba a taɓawa, ba a kunna filashi, kuma ran Talata gidan a rufe yake.

Dattijo, Gwandu: Duk na ji. Amma abin da Kano ta ara sai kowa ya bi, mu da muka gaji rubutu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo?

Ɗalibi, Kaura Namoda: Baba, ai mai shafa bango a Gwandu ma "fenti" yake cewa.

Dattijo, Gwandu: To shi ne damuwata, yaro. Za a ji "zanen fenti" a tuno mai bokiti da tsani.

Ma'aikaciyar adana kaya, Birnin Kebbi: Nan kam Baba yana da gaskiya. "Zanen launi" fa?

Malamin zane, Argungu: Hajiya, fensir mai kala ma launi ne, bai raba ba.

Mai fassara, Gusau: Lokaci ya ƙure. Zan buɗe da "gidan adana zane-zane", in ce "zanen fentin mai" sau ɗaya da bayani, daga nan "zanen" kawai. Na gode.

Dattijo, Gwandu: Sunan gidan na yarda. Na biyun ki tafi da shi don gobe, amma ban sa hannu ba.