Satire: zambo, habaici ko shaguɓe?

1/ Jiya na tsaya cak a kan kalma ɗaya ta Turanci, satire, wato sukar halayen mutane ta hanyar ba'a. Rubutu nake yi a kan Francisco Goya, mai zanen Sifaniya, na rasa sunan da zan ba aikinsa da Hausa. "Zanen barkwanci" da 'yan jarida suka saba bai yi mini ba. Bari ku ga dalili.

2/ A 1799 Goya ya fitar da zane 80 a Madrid, ya kira su Los Caprichos. A na 52, an ɗora wa kututturen itace rigar limamin coci, rassansa sun miƙe kamar hannuwa, wata budurwa ta durƙusa gabansa tana addu'a. A ƙasa ya rubuta: dubi abin da tela zai iya! A na 53 kuwa aku ne ke wa'azi, manyan masu riguna sun zauna baki sake suna saurare. Wannan ba barkwanci ba ne. Dariyar a maƙogwaro take tsayawa. Bai daɗe ba ya janye su daga kasuwa, ga kotun coci mai farautar 'yan bidi'a tana nan daram, a 1803 ya miƙa wa sarki farantan tagullar da ake buga su.

3/ Wani ya ce mini zambo. Na so in yarda, amma zambo yana da mai shi. Mawaƙin fada na yi wa abokin hamayyar ubangidansa, kowa a wurin ya san wa ake nufi, har tsayinsa da haƙoransa. Goya kuma a sanarwar tallan zanen ya ce ba wani mutum guda yake nufi ba. Ɗabi'a yake duka: makauniyar biyayya, da masu ci da ita.

4/ Habaici? Na kishiyoyi ne a tsakar gida, akwai tsohuwar gaba a ƙasa. Gatse kuwa dabara ce kawai, a faɗi abu ana nufin akasinsa, kamar maganar telan nan.

5/ Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon karatun malamai, su cika shi da tuwo da nama. Yaran tashe su manna gemun auduga, su sa malam ya yi rawa yana musun bai yi ba. Ba addini ake taɓawa ba, rawanin da babu kai a ciki ake taɓawa.

6/ Don haka na tsaya a kan shaguɓe. Zanen shaguɓe, waƙar shaguɓe, wasan shaguɓe. Idan an zana fuskar wani sananne an ƙara masa hanci, to nan zanen zambo ne. Sakkwatawa da mutanen Damagaram, haka kuke jin kalmar, ko a wajenku ta fi kusa da gugar zana?