Neman shawara: matasan ƙungiyarmu ta nazarin Littafi Mai Tsarki sun ƙi buɗe baki

Ƴan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku daga Maradi. Fasto ya ɗora mini nauyin wata ƙaramar ƙungiyar zumunta da ke haɗuwa a tsakar gidana a unguwar Zariya kowace Laraba da yamma, mu goma sha ɗaya, kuma akwai matsalar da ta sha kaina.

Muna da dattawa huɗu, sauran kuwa matasa ne, biyu daga cikinsu surukan dattawan nan ne. Da zarar an shimfiɗa tabarmi an karanta aya, sai dattijo ɗaya ya karɓe magana har lokaci ya ƙure, matasan kuma su sunkuyar da kai, domin a al'adarmu suruki ba ya musu da surukinsa, balle ya faɗi rauninsa a gabansa. Wata amarya tana rubuta tambayoyinta a bayan takardar waƙoƙi, ta miƙa wa matata a bakin ƙofa bayan an tashi.

Na gwada raba mu gida biyu, sai dattawan suka ji kamar an kore su, ɗaya ma ya yi mako uku bai zo ba. Ni kuwa ban ga laifinsu ba, tunda 2 Timoti 2:2 ta nuna cewa koyarwa daga hannu zuwa hannu take bi.

Shin in haɗa kowane matashi da dattijon da ba surukinsa ba, ko in fara zama da Baba, wato dattijon nan da ke karɓe magana, shi kaɗai? In zama ne, da waɗanne kalmomi zan fara ba tare da na kunyata shi ba?