Wace taya zan sa wa Hilux ɗina?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Kullum ina kan kwalta cikin gari, ran Asabar kuma sai gona wajen Lagdo. Daminar bara sau uku laka ta riƙe ni, har da tura. A/T (tayar kowace irin hanya) ko M/T (tayar laka)? Lambar tayata 265/65 R17.

Direban Marwa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ɗauki A/T. M/T a kwalta gurnani kawai, ga shan mai, haƙoranta kuma su cinye da wuri.

Baba Makanike: Yaro, duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2022. Tsohuwar taya ba ta jure zafin Afrilu. In ka shiga yashi, rage iska.

Ɗan Garwa: Na gode, Baba. Safayar fa? Ta gwanjo ce.

Baba Makanike: Canza ta.