Sarkin dodanni ya hana ni sakat a Kingdom of Loathing

Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa buga Kingdom of Loathing ya agaza min, kwana uku ke nan ina cije a wuri ɗaya.

Wasan ya tsufa, tun 2003 yake intanet, zanen mutanensa kamar na ɗan firamare, kuɗin cikinsa kuma nama ne, da shi ake cefane. Na saba da shirmensa. A farkon tafiya har gwangwanin tumatir mai aljanu na yi faɗa da shi a ɗakin ajiyar abinci, na kuma ci nasara.

Matsalar ita ce na kai mataki na 5, majalisar gari ta tura ni Cobb's Knob, matattarar dodannin da ake kira Goblin, in kashe sarkinsu. Ba a shiga fadarsa sai da ɓad-da-kama. Na yi ta dambe da kuyanginsa har na samu mayafi da wandonsu, na sanya wa ƙaton jarumina, Seal Clubber (ɗaya daga cikin nau'o'in jaruman wasan) mai ɗauke da kulki. Abin dariya wallahi, kamar ɗan dambe ya ci kwalliyar amarya. Na fesa turaren da suka yar, na biya na yi faɗa biyu don ƙarin nama, sannan na nufi fadar. Aka yi min lilis.

Turaren ne ya gushe kafin in isa, ko ƙarfina ne bai kai ba? Zagaye 40 kacal ake bayarwa kullum, kowane faɗa kuma yana cin ɗaya, ba na son in sake ɓarnatar da na gobe.