Neman kalma: me za mu kira "modélisation des transports"?

Assalamu alaikum 'yan Damagaram. Masu tsara birane suna da wani aiki mai wannan suna da Faransanci, ina neman Hausarsa. A yanka gari yanki-yanki, a bi gidaje ana tambayar mutane ina suke zuwa da safe, me suke hawa, a tsaya bakin kwalta a ƙirga ababen hawa, sai a zuba duka a kwamfuta. Ita ke lissafa tafiya nawa za ta fito daga kowace unguwa, ina ta nufa, da me za a yi ta, ta wace hanya. A Amurka aka fara shi, Detroit da Shikago, shekarun 1950. Amfaninsa gare mu: kafin a yanka filaye a hanyar Mirya ko ta Tanut, a san yadda masu zuwa Kasuwar Dole daga can za su cika hanya.

Amsoshi:

— Malam, ai samfuri ne. Samfurin sufuri.

— Haba yaya. Samfuri shi ne ƙyallen atamfar da ake nuna wa mai shago a ce "irin wannan". Abin nan lissafi ne, ba a riƙe shi a hannu. Sufuri kuma, da ka faɗa sai mutum ya hango tankokin mai na matatar SORAZ da motocin tasha. Ina yarinyar da ke takawa zuwa lakwal? Ina mai kabu-kabu, da mai kurar ruwa? In ba a ƙirga su ba, ba Damagaram aka lissafa ba. Zirga-zirga ta fi.

— To hasashen zirga-zirga?

— Ya kusa, amma hasashe rabin aikin ne. Kafin a yarda da abin da kwamfutar ta ce kan shekara 20 masu zuwa, sai an sa ta fitar da lissafin yau, an gwada da abin da aka ƙirga a hanya. In bai yi daidai ba, a koma a gyara.

— Kwaikwayo fa?

— Hajiya, sai a zaci dirama za a yi a rediyo.

— Ni dai ƙiyasi na gani. Almajirin Birni ma ya san shi a fiƙihu: a auna abin da babu hukuncinsa da wanda aka sani. Haka ake auna unguwar da ba a gina ba da halin Sabon Gari ko Garin Malam.

Allah ya saka da alheri, Malam, na ɗauka: ƙiyasin zirga-zirga. Wanda suke ce wa stratégique, mai duban gari duka ba mararraba ɗaya ba, sai mu ƙara "na dogon zango" ('yan Zango, ba da ku nake ba). Saura matrice origine-destination, mai nuna tafiya nawa ake yi daga kowace unguwa zuwa kowace unguwa. Na rubuta "jadawalin daga ina zuwa ina", ya yi mini tsawo. Wa ke da gajere?