Abin da aka shawarci matashin da ke koyar da kiɗan jita

Yaron ɗan shekara 16 ne a Jos, ya iya jita sosai, har maƙwabta sun fara turo masa 'ya'yansu. Ya nemi shawarar yadda zai mayar da abin sana'a, kuma manya sun ba shi gwargwadon saninsu.

Maganar kuɗi ce ta fi ɗaukar lokaci. Kusan kowa ya ce ya yanke farashi tun farko, ya karɓi kuɗin wata a gaba, domin kunyar tambayar maƙwabci bashi ita ke kashe irin wannan sana'a. Kuɗin kuma ya shiga asusun da iyayensa suka buɗe masa, tunda bai kai 18 ba. Ya riƙa ware wani abu don sayen tsarkiya, mai koyo ba ya rasa tsinka ta.

A kan wurin koyarwa ba a yi jayayya ba: zaure ko falo, ƙofa a buɗe, babba na kusa. Wannan ni ma na riƙe shi da ƙarfi, yana kare yaran, yana kare matashin kansa.

Minti 30 ya ishi ƙaramin yaro, kafin wayar jita ta fara cin kan yatsunsa ya gaji. A fara masa da waƙar da ya riga ya sani.

An ɗan saɓa kan yawan ɗalibai, amma da aka tuna jarabawar WAEC na gabansa, sai aka tsaya kan Asabar da yammacin Lahadi kawai.